Wasiƙa kan ƙibar Yaya da maganinsa

Assalamu alaikum aminina,

Ya Fatakwal, ya iyali? Na ga saƙonka cewa tun da aka ɗora Yaya kan olanzapine, maganin taɓin hankali, bayan ya bar aikin soja, ya yi ƙiba har kayansa sun matse shi, yana cewa zai daina sha. Don Allah ka lallashe shi. Yanke maganin kwatsam shi ke dawo da rashin barci da jin muryoyi.

Kada mutanen gida su ce kwaɗayi ne. Olanzapine da clozapine sun fi sauran magungunan taɓin hankali sa ƙiba: mutum ya ci bai ji ya ƙoshi ba, ga kasala, kuma a watanni uku na farko nauyin ya fi hawa. Baki yana bushewa, sai ya kama lemon kwalba, alhali kwalbar 50cl tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 12. Nan za a fara: ruwa, ko zoɓo marar sukari. Tuwo malmala ɗaya, miyar kuka ko zogale da yawa, a rage mai. Yunwar da ke taso masa da dare ce matsalar. A ajiye masa dafaffen ƙwai da kokwamba, a kawar da burodi.

A auna shi kowane mako da safe, a sikeli ɗaya, a rubuta. In ya ƙaru da kashi 5 cikin ɗari, wato kilo 4 ga mai kilo 80, a kai takardar wurin likitansa, ko a asibitin masu taɓin hankali na Barnawa yake gani ko a asibitin sojoji na 44. A nemi gwajin sukari kafin karin kumallo da na kitsen jini. In sukari ya kai 7.0 mmol/L, an shiga maganar ciwon sukari. Likita na iya ƙara masa metformin, maganin ciwon sukari da ke taimaka wa rage ƙiba, bayan duba ƙoda, a fara da 500mg tare da abinci saboda yana ɓata ciki, ko ya sauya masa olanzapine a hankali zuwa aripiprazole, wanda bai kai shi sa ƙiba ba. In yana shan taba ya daina, a faɗa wa likita, domin ƙarfin olanzapine a jini yana ƙaruwa.

Tafiya minti 30, kwana biyar a mako, a Dandalin Murtala bayan Asuba. Tsohon soja ya fi bin lokaci tsayayye, musamman in abokin aikinsa ne zai zo ya ɗauke shi.

Ka gaida Hajiya. Allah ya ba Yaya lafiya.

Amininka,
Kaduna