Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Sakatariyar Sufuri ta Birtaniya, Heidi Alexander, kan hanyar A303 da duwatsun Stonehenge

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aiki ya jama'a. Ni ɗaya ne daga cikin baƙin da zama ya kawo yankin Wiltshire, aikin kula da tsofaffi nake yi gida gida a ƙauyukan da ke tsakanin Amesbury da Shrewton da Winterbourne Stoke, don haka hanyar A303 ba a bakin wani nake jin labarinta ba, kullum a kanta nake. Ke ma 'yar Swindon ce kuma ke ke wakiltar Swindon ta Kudu a majalisa, ƙasar nan taki ce, kin fi ni saninta nesa ba kusa ba. Shi ya sa nake ganin idan ke ba ki ji wannan kukan ba to ban san wanda zai ji ba.

Maganata ɗaya ce. A watan Yulin 2024 gwamnatinku ta bakin Ministar Kuɗi Rachel Reeves ta soke aikin haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa a gefen Stonehenge, zoben manyan duwatsun nan da mutanen zamanin da suka kafa, kuma ni dai gaskiya na ji daɗin sokewar, amma soke aiki daban, warware matsala daban. Tun daga ranar shiru kake ji, an bar mu da gosulon nan yadda yake, an bar duwatsun da tireloli suna wucewa ta gabansu dare da rana, tsakaninsu bai kai mita 200 ba.

Bari in faɗi dalilin da ya sa ban so wancan aikin ba, don kar a ce ko ni ɗin ba na son ci gaba ne. Ramin da aka tsara tsawonsa kilomita 3 da 'yan kai ne, alhali filin da Unesco ta saka cikin kayan tarihin duniya tun 1986 ya fi haka faɗi, wato dole bakin ramin ya faɗo a cikin filin, kuma dole a tsaga tudun alli a yi babban kwari mai layi huɗu a ɓangaren yamma, daidai wajen da tsofaffin kaburbura suka fi yawa. Masu binciken da gwamnati da kanta ta naɗa sun ce kar a yi, Sakataren Sufuri na lokacin Grant Shapps ya yi kunnen uwar shegu ya sa hannu a Nuwamban 2020, kotu ta rushe amincewar a 2021, wani Sakataren Sufurin, Mark Harper, ya sake sa hannu a 2023, ana ta kai da kawo har aka kashe sama da fam miliyan 160 ba a shimfiɗa ko taku ɗaya na sabon titi ba. Wallahi abin da ciwo.

Ita ƙasar alli tana da wani hali da ya kamata duk mai riƙe da kujerarki ya sani. Ba ta mantuwa. Ramin da mutane suka haƙa kewaye da Stonehenge da ƙahon barewa shekara kusan 5,000 da suka wuce har yau ana ganin shatinsa, kuma alli ba ya cin ƙashi da sauri kamar wata ƙasar, shi ya sa ake tono mutum a same shi kusan cif. A 2002 wajen aikin gine gine a Amesbury aka tono wani mutum da aka binne shekara sama da 4,000, da kan kibansa da wuƙaƙen tagulla da 'yan kayan ado na zinare, da aka auna haƙoransa sai aka ga ashe a can wajen tsaunukan Alps ya tashi, baƙo ne shi ma ya zo ya mutu a nan, yanzu yana gidan tarihi na Salisbury. Duk lokacin da na tuna da shi sai in ji wani abu a raina. A 2020 kuma, jiya jiyan nan, masana suka gano jerin manyan ramuka da suka yi zobe kewaye da Durrington Walls, wani tsohon mazaunin mutane kusa da Stonehenge, faɗin zoben kusan kilomita 2, a ƙasar da kowa ke zaton an gama bincike ta. A 2024 aka gano cewa dutsen da ke kwance a tsakiyar Stonehenge daga arewa maso gabashin Sikotlan aka ɗauko shi, bayan an daɗe da sanin ƙananan duwatsun daga tsaunukan Preseli na Wales suke. To idan har yanzu ana gano irin waɗannan, wa ya isa ya rantse cewa ya san abin da ke ƙarƙashin wajen da aka so sa katafila?

Kuma duk wanda ya bi babban titin M3 ta kusa da Winchester ya ga abin da aka yi wa tudun Twyford Down a farkon shekarun 1990, an raba tudu biyu saboda titi duk da zanga zangar da mutane suka yi, yau shekara 30 ke nan tabon yana nan, ba wanda zai iya mayar da shi. Ni ɗan Kano ne, na san yadda ake cin badala kaɗan kaɗan da sunan faɗaɗa hanya, na san yadda aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 aka gina sabuwa, kuma kowa a birni ya san sabuwar ba ita ba ce. Ba na so in sake ganin irin wannan a inda nake zaune yanzu.

Amma fa ranki ya daɗe, mutanen ƙauyukan nan su ma suna da gaskiya, kuma su ne aka yi watsi da su. Winterbourne Stoke ƙaramin ƙauye ne, babban titin da ke haɗa Landan da Devon da Cornwall ta tsakiyarsa ya ratsa, tsoho da sanda ko mai tura keken jariri tsallaka titin nan sai da addu'a. Ranar Juma'a da lokacin hutun bazara idan hanya ta cushe daga shataletalen Countess har na Longbarrow, saboda layi biyu sun koma ɗaya ga kuma direbobi suna rage gudu don su kalli duwatsu su ɗauki hoto, sai taswirar waya ta riƙa karkatar da mutane ta cikin Shrewton da Larkhill da Bulford, 'yan siraran hanyoyin ƙauye da ba a yi su don haka ba. Mu masu zuwa ba tsoho magani a kan lokaci mun san abin da jinkirin nan ke nufi, akwai wanda ba zai iya tashi daga gado ba sai ka iso. Baifas ɗin Winterbourne Stoke yana cikin wancan babban aikin, da aka soke shi sai aka haɗa har da shi, laifin wani ya shafi wani. Mutanen nan shekaru da yawa ana yi musu alkawari.

Abin da nake roƙo shi ne a raba maganar biyu. A ciro baifas ɗin ƙauyen a duba shi shi kaɗai, tunda ƙauyen yana wajen iyakar filin tarihin, kuma a yi shi da lura saboda rafin Till da ke wucewa ta wajen. Rafin nan daga cikin alli yake ɓuɓɓugowa, sama samansa da hunturu yake gudu da bazara ya ƙafe, ruwansa garau, kuma mafi yawan irin waɗannan rafukan na duniya a Ingila suke, ba abin wasa ba ne. Sannan a haɗa kai da ƙaramar hukumar Wiltshire a hana manyan motoci kutsawa cikin ƙauyuka idan titi ya cushe.

Sai maganar jirgin ƙasa, wadda ita kam a hannunki take kai tsaye tunda gwamnati ta karɓi kamfanin jirgin South Western Railway a Mayun 2025. Layin dogo daga Salisbury zuwa Exeter yawancinsa layi ɗaya ne tun 1967 da aka cire na biyun, jirgi sai ya tsaya ya jira ɗan uwansa ya wuce, ɗaya ya makara kowa ya makara. Yaya za a yi mai iyali da zai je hutu Devon ya bar motarsa a gida? A mayar da layi na biyu ko da a wasu sassa ne, a ƙara bas daga tashar Salisbury zuwa Amesbury da ƙauyuka da kuɗin da talaka zai iya biya, za ki ga motocin sun ragu ba tare da an taɓa tudu ko ɗaya ba. An taɓa yin abu mai kyau a nan ai, a 2013 an rufe hanyar A344 da ke bi ta jikin duwatsun aka shuka ciyawa a kai, mutane sun yi ta gunaguni da farko, yanzu wa ke cewa a dawo da ita?

Kuma don Allah idan wata rana wani ya sake kawo miki takardar ramin nan a tebur, ko dai a yi shi da tsawon da zai wuce filin tarihin gaba ɗaya ko a haƙura. Cecil Chubb da ya sayi Stonehenge a gwanjo kan fam 6,600 a 1915 bai riƙe wa kansa ba, a 1918 ya miƙa wa ƙasa kyauta, har yau mazauna kusa suna shiga ba tare da sun biya ba. Amana ce aka ba gwamnati, kuma yanzu wani ɓangarenta yana ofishinki.

Ki zo Winterbourne Stoke wata Juma'a da yamma a watan Agusta, ba tare da 'yan rakiya sun share miki hanya ba, ki zauna da mutanen ƙauyen ki ji daga bakinsu, sannan ki faɗa mana ranar da za a fara duba baifas ɗin.

Na gode, Allah ya taimake ki.

Daga wani ma'aikacin kula da tsofaffi, mazaunin Amesbury