Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Bauchi Kan Binciken Harsuna da Tarihin Ƙasarmu

Mai Martaba Sarkin Bauchi, Alhaji Dakta Rilwanu Sulaimanu Adamu,
Shugaban Majalisar Sarakunan Jihar Bauchi.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nasara.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu da muka sa hannu a wannan takarda malaman makaranta ne da ɗaliban jami'a da wasu dattawa daga Tirwun da Miya da Kirfi da cikin birni. Mun kawo kuka ne a kan 'ya'yanmu masu son zurfafa karatu a fannin harsuna da tarihi da adabi, waɗanda hanya ke yanke musu da zarar sun gama digirin farko.

Ranka ya daɗe, jihar nan na cikin wuraren da Allah ya tara wa harsuna a Nijeriya: Geranci, Jaranci, Zaar, Warjanci, Miyanci, Bolanci, Fulatanci, da wasu da dama da ko sunansu yaran birni ba su taɓa ji ba. Ajanci ya riga ya tafi tun zamanin Turawa, masu shi suka koma Hausa. Bure na ƙasar Kirfi, tsofaffi ƙalilan suka rage da shi. Geranci kuwa, harshen mutanen da Malam Yakubu, Sarkin Bauchi na farko, ya fito daga cikinsu, yau a gidaje da yawa kaka ce kaɗai ke jin sa. Ta yi wa jika magana da shi, ya amsa mata da Hausa. Mu kanmu ga shi da Hausa muka rubuto wannan koke. Ba mu raina ta ba, ita ce ta haɗa mu, amma gaskiya ita ce ke haɗiye 'yan'uwanta.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne wanda ke yin aikin. Cikakken nahawun Miyanci, wani Ba'amurke ne, Farfesa Russell Schuh, ya wallafa shi a 1998. Zaar kuma Bafaranshe Bernard Caron ya sha wahalarsa shekara da shekaru. Mun gode musu ƙwarai. Amma ɗan Miya da ya sha harshen a nono ba ya buƙatar tafinta, ya kuma san ƙofar tsohuwar da za ta buɗe masa baki. Abin da ya rasa horo ne da guzuri.

Irin wannan bincike ba ya neman injin miliyoyi. Kuɗin makaranta ne, da na mota zuwa ƙauye, da na'urar ɗaukar murya, da ɗan goron dattawa, da abin da ɗalibi zai ci na watannin da zai zauna yana saurare yana rubutawa. Duk da haka akwai ɗaya daga cikinmu da ya sami gurbin digiri na biyu, ya yi ta zaryar neman tallafi, daga ƙarshe aka ce masa da likitanci yake yi da an duba. Gurbin ya wuce. Ba ma jayayya da buƙatar likitoci da injiniyoyi, Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ma domin kimiyya da fasaha aka kafa ta a 1980. Sai dai jami'ar jiha da aka buɗe a Gaɗau a 2011 yanzu sunan Malam Sa'adu Zungur take ɗauke da shi, mutumin da aka sani da alƙalami da waƙa. Kano ta kafa cibiyar nazarin harsunan Nijeriya tun 1969. Me zai hana Bauchin Yakubu?

Don haka muke roƙon Mai Martaba ya sa baki wajen gwamnati da shugabannin jami'ar a kafa irin wannan cibiya, a kuma ware wa ɗaliban digiri na biyu da na uku a waɗannan fannoni kasonsu na tallafin karatu duk shekara. Idan Sarki ya kira attajiran gari a kan wani asusu, mun san ba mai noƙewa. Sharaɗi ɗaya muke so a gindaya: duk wanda aka ɗauki nauyinsa ya ajiye kwafin aikinsa da muryoyin da ya naɗa a nan gida.

Roƙo na ƙarshe ba ya cin ko sisi. A aika wa hakimai da dagatai da masu unguwanni takarda su riƙa karɓar ɗaliban bincike. Gidajen malamai da yawa na da tsofaffin takardun Larabci da ajami a cikin gafaka, gara na ci, magada kuma ba za su miƙa wa baƙon ido ba. In sun ji daga fada ne, za su bari a ɗauki hotonsu a mayar musu da kayansu a take.

A shirye muke mu turo wakilai uku gaban majalisa duk ranar da aka ba mu, tare da sunayen dattawan da ya kamata a fara zama da su kafin damina.

Allah ya taimaki Sarki.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Malamai, ɗalibai da dattawan da suka sa hannu.