Zuwa ga 'yata, kwana uku da baro ki a jami'a

'Yata,

Ina fata kina lafiya, kuma kin fara sabawa da wurin. Mu nan lafiya lau, sai dai kewa. Jiya da daddare Ummanki ta nufi ɗakinki za ta ce ki kashe fitila, sai da ta tura ƙofa ta ga duhu sannan ta tuna.

Wani ɗan abu ne ya faru ranar da na kai ki, shi ya sa na zauna rubuta miki wannan. A teburin rajista, da ma'aikaciyar ta tambayi lambarki da sashen da aka ba ki, bakina ya riga naki buɗewa. Shekara 18 ni nake amsawa a madadinki, a asibiti, a makaranta, ko'ina. Sai kika ɗan taɓa hannuna kika ce, "Abba, bari in faɗa." Kika faɗa, muryarki na ɗan rawa, amma ba ki yi kuskure ko ɗaya ba. Har muka hau bene da akwatin, muka shimfiɗa katifa, Ummanki ta gyara zanin gadon sau biyu duk da ya gyaru tun farko, ban daina juya maganar nan a raina ba. Na ji daɗi ƙwarai. Na kuma ji tsoro.

Tsoron kuwa saboda na san halinki ne. Ke mai haɗiye abu ce. A gida hakan bai cuce ki ba, don kina da masu karanta fuskarki. In kika rage cin abinci, kafin dare mun tambaye ki. A can babu wanda ya san abin da shirunki ke nufi. Ba rashin kirki ba ne. Malamin da ke tsaye gaban ɗaruruwan ɗalibai ba zai gane wadda ba ta fahimta ba, sai ta je ta same shi. Don haka bakin nan da kika buɗe a teburin rajista, ina so ki ci gaba da buɗe shi.

Na fara da lafiya, don ita ta fi hana ni barci. Ɗakin kwanan ɗalibai wuri ne na cunkoso, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa sababbin ɗalibai masu kwana a irin wannan wuri sun fi sauran tsaransu haɗarin kamuwa da sanƙarau, domin ƙwayar cutar tana bi ta tari, da atishawa, da kusantar juna. Mun yi miki allurar rigakafi, amma ba kowane nau'i take karewa ba. In zazzaɓi ya rufe ki farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai, wuya ya sage, ko amai, ko kika ji haske na damun idonki, kada ki sha maganin ciwon kai ki ja bargo ki ce zuwa safe. Ciwon nan yana iya kisa cikin kwana guda. Ki tashi abokiyar ɗakinki ko da tsakar dare ne, ku tafi asibitin makaranta. In ita ce kika ga a haka, ke ma kada ki ji nauyin tayar da mutane. Tun yanzu ki je ki ga inda asibitin yake da ƙafarki.

Sai karatu. Abin da ɗalibai da yawa ba sa ganewa sai an makara shi ne, makin shekarar farko ba ya gogewa. Ana tara shi da na sauran shekaru har ranar da za ki fita, kuma kwas mai yunit 3 nauyinsa ya ninka na mai yunit 1 sau uku a lissafin. Idan lakca ta wuce miki a mako na biyu, a makon ne za ki nemi malamin a ofis, ko ki tambayi wanda ya gane. Matambayi ba ya ɓata. A shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa raina ɗalibin da ya zo ya ce bai fahimta ba. Wanda ke ba ni tausayi shi ne mai zuwa ana gobe jarrabawa. Kuma ki riƙa bitar abin da aka koyar a ranar da aka koyar da shi. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma maimaitawa a kwanaki daban-daban tana rage ta. Rabin sa'a kowace yamma ta fi kwana a zaune. Mai shekarunki yana bukatar barcin sa'a 7 zuwa 9, ba ragwanci ba ne.

Abokiyar ɗakinki ta kwanta mini a rai, yadda ta tashi ta karɓi bokiti daga hannun Ummanki ba tare da an ce mata ba. Amma zo mu zauna, zo mu saɓa. Wata rana za ta bar fitila a kunne kina son barci, ko ta taɓa kayanki. Ki faɗa mata tun abin yana ƙarami, cikin lumana, ku biyu kaɗai. Kada ki tara har ya zama gaba. Ki kuma bar mata ƙofar ta faɗa miki naki.

Kuɗi in sun kusa ƙarewa ki sanar da ni kafin su ƙare, kada ki ci bashi a ɓoye. Wanda ya matsa miki da abin da ranki bai so ba, ko wane ne shi, ki ce a'a da ƙarfi, ki kai ƙara ofishin kula da harkokin ɗalibai, sannan ki kira ni.

Na ga lokacin da kika juya da sauri bayan mun yi sallama, na san dalili. Ni ma sai da na tsayar da mota a gefen hanya bayan mun fita daga ƙofar makarantar, muka yi shiru ni da Ummanki na ɗan lokaci. In kewar gida ta taso miki, kada ki ce mana "lafiya lau" don ki kwantar mana da hankali. Mun fi son jin gaskiya, ko da kuka ne.

Katin rigakafinki yana aljihun cikin akwati, tare da kwafin takardunki. Zan kira ki Lahadi da yamma, in sha Allahu. Allah Ya tsare ki, Ya yi miki albarka.

Abbanki