Zuwa ga Masu Amfani da Manhajarmu ta Lissafin Shago: Littafinku Zai Daina Kwana a Waya Ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, yayyenmu da ƙannenmu 'yan kasuwar Kwari, Singa, Sabon Gari, Dawanau, Kurmi, Wambai da Farm Centre, da iyayenmu mata masu sana'a a cikin gida, muna gaishe ku, da fatan ana ciniki lafiya. Allah ya ƙara buɗi.

Dalilin wannan takarda shi ne, daga farkon wata mai kamawa manhajar da kuke rubuta lissafin shago a cikinta za ta sauya, kuma mun fi son ku ji daga bakinmu kafin ku gani a waya. Har yanzu da muke magana, duk abin da kuka shigar, ciniki ne ko bashi ko kayan da suka shigo sito, a cikin wayar da aka shigar da shi kaɗai yake zaune, babu kwafinsa a ko'ina. Sabon tsarin zai haɗa wayarku da rumbun adana bayanai da ke kan wata babbar kwamfuta a Legas, a ɗaya daga cikin gine-ginen da ake hayar irin waɗannan na'urori, inda wuta da sanyi ba sa yankewa. Abin da kuka rubuta a shago zai kasance a wayarku, ya kuma kasance can.

Ba sai an yi wa Bakano dogon bayani kan ƙwacen waya ba. Waya dai ana sayen wata. Abin da ba ya sayuwa shi ne sunayen mutanen da suka karɓi kaya bashi, da nawa kowa ya biya, nawa ya rage. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, ko ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022, ya san cewa bayan asarar kaya akwai wata asarar da ba a cika faɗa ba: littafi ya tafi, mai bashi mai tsoron Allah ya zo da kansa, wanda ba shi da niyyar biya kuwa shiru. Akwai kuma masu shago biyu ko uku, da masu tafiya Umara ko sarin kaya ƙasar Sin, waɗanda suka daɗe suna roƙonmu hanyar da za su ga cinikin yau ba tare da sun kira yaro ya karanto musu ba.

Tambayar da kusan kowa ya fara yi mana ita ce: idan babu sabis fa? Tambaya ce mai kyau, don wanda ke cikin layukan Kwari da tsakar rana ya san yadda sabis ke ɗaukewa idan mutane suka cika. Amsar ita ce manhajar ba za ta taɓa tsayar da ku tana jiran intanet ba. Kowace wayar Android tana zuwa da wani ƙaramin rumbu a cikinta mai suna SQLite, kuma a cikinsa manhajar ke fara rubuta komai, kamar yadda take yi tun asali. Bambancin kawai, yanzu kowane rubutu zai shiga layin jiran tafiya. Da zarar sabis ya dawo, ko bayan minti biyu ko bayan kwana uku, wayar za ta tura abin da ya taru, ta kuma karɓo abin da sauran wayoyin shagon suka tura. Mun dage a kan wannan ne don mun ga abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a Najeriya da maƙwabtanta, tiransifa ta yi ta maƙalewa. Manhajar da ba ta motsi sai da intanet ba ta dace da kasuwar Kano ba. Mai saye yana tsaye da kuɗinsa a hannu, ba za a ce masa ya jira sabis ba.

Akwai wani abu da ya fi rashin sabis wahalar sha'ani, wato sabis mai zuwa yana yankewa. Waya ta tura ciniki, rumbu ya karɓa, amma kafin amsar "na karɓa" ta dawo, layi ya katse. Wayar ba ta san ya isa ba, sai ta sake turawa. In ba a yi dabara ba, buhu goma na shinkafa zai zama ashirin a lissafi. Maganin da muka yi shi ne, kowane ciniki tun daga lokacin da aka rubuta shi yana samun wata doguwar lamba tasa shi kaɗai, wadda wayar ke ƙirƙira. Ko sau biyar aka turo shi, rumbun zai duba ya ga ya riga ya san wannan lamba, ya ajiye ɗaya kawai.

Sai batun wayoyi biyu a shago ɗaya, kuma nan ne muka fi ɗaukar lokaci. A ce saura turmi ɗaya na wata atamfa. Maigida yana sito ya sayar wa wani ta waya, ya rubuta. Yaro yana shago, shi ma ya sayar wa wata Hajiya da ke gabansa, ya rubuta. Dukansu babu sabis, babu wanda ya san da na ɗan'uwansa. Wa ke da gaskiya? Kwamfuta ba za ta iya yanke wannan hukunci ba, kuma ba mu ba ta dama ta yanke ba. Wayoyin ba sa tura "saura kaza", abin da suke turawa shi ne "an fitar da ɗaya". Rumbun ne ke haɗa lissafi. Idan ya ga an fitar da biyu alhali ɗaya ke akwai, zai ajiye duka biyun, ya sa jan alama a wayar maigida domin ya duba ya daidaita da kansa. Idan kuwa farashi ne mutum biyu suka sauya, wanda ya iso daga baya shi zai hau, amma na farkon yana nan a tarihi, da sunan wanda ya sa shi da lokacin.

Haka ma goge ciniki. A sabon tsari babu abin da ke ɓacewa ɗungurungum daga littafin shago. Idan aka soke rubutu, za a ja masa layi, a nuna wanda ya soke. Mun san wasu yaran shago za su ji kamar an sa musu ido ne. Mu a ganinmu wannan ya fi kare yaro mai amana fiye da kowa, domin ranar da kuɗi bai cika ba, akwai abin da zai nuna ya wanke kansa, maimakon a bar shi da rantsuwa kawai.

Wasu daga cikin 'ya'yanku masu karatun kwamfuta sun tambaye mu ko wayar ce ke shiga rumbun kai tsaye. A'a, kuma yana da kyau iyaye ma su san dalili. Manhajar da kuka sauke daga Play Store abu ce da duk mai ɗan sani zai iya warware ta ya leƙa cikinta. Da mun ɓoye mabuɗin rumbun a ciki, mutum ɗaya da ya tono shi ya samu littafin kowa da kowa. Don haka akwai wata manhaja ta tsakiya da ke zaune a kan babbar kwamfutar, ita kaɗai ke riƙe da mabuɗin. Kamar dai sito ne mai akawu a bakin ƙofa: ba ka shiga da kanka, kana miƙa takardarka, ya duba ko kai wane ne da abin da aka yarje maka, sannan ya shiga ya ɗauko naka kaɗai. Rumbun da muke amfani da shi sunansa PostgreSQL, tsoho ne da aka daɗe ana gwadawa a duniya. Maganar da ke tsakanin wayarku da kwamfutar kuma a kulle take tafiya da tsarin HTTPS, irin wanda shafukan bankuna ke amfani da shi, ta yadda ko da intanet ɗin wani kuka hau ba zai iya karanta abin da ke wucewa ba. Kowane dare ana ɗaukar kwafin rumbun gaba ɗaya a ajiye a wani wuri daban.

Yanzu ga maganar da muka san tana cikin zuciyar mutane da yawa ko da ba su furta ba: wa zai ga sirrin kasuwata? Ɗan kasuwa ba ya son maƙwabcinsa ya san nawa ya saro kaya, balle nawa ake binsa. Babu wani shago da zai ga na wani. Ba ma sayar da bayananku, ba ma ba masu talla ko masu ba da rance, kuma babu wata hanya da ta haɗa rumbunmu da ofishin haraji. A cikinmu, waɗanda ke kula da kwamfutar ne kawai ke iya isa ga rumbun, kuma duk shigar da suka yi tana barin sawu. Amma ba za mu yi muku alkawarin da ya fi ƙarfinmu ba: idan kotu ta ba da umarni a kan wani asusu, doka ta tilasta mana bi, kamar yadda take tilasta wa banki. In hakan ta taso za mu sanar da mai asusun, sai dai in kotun ta hana.

Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ba ku haƙƙin ku nemi ganin abin da muke riƙe da shi naku, ku sa a gyara kuskure, ku janye amincewarku, ko ku ce a goge. Ta kuma wajabta mana, idan aka yi kutse mai haɗari ga mutane, mu kai rahoto ga hukumar da ke kula da wannan fanni cikin awa 72. Mun sa maɓalli a cikin manhajar da zai fitar muku da littafinku gaba ɗaya, ku buga a takarda ko ku tafi da shi wani wuri in kun ga dama. Naku ne. Sai dai ku tuna, sunaye da lambobin wayar masu bashi da kuke rubutawa amanar wasu ce a hannunku. Muna roƙo kada a riƙa ɗaukar hoton shafin bashi ana yaɗawa a zaurukan WhatsApp don a kunyata mutum.

Batun kuɗi gajere ne. Mai waya ɗaya ba za a ƙara masa komai ba. Shagon da ke son haɗa wayoyi biyu zuwa sama zai biya kuɗin wata, kuma zai ga adadin a rubuce kafin ya amince. Hayar waɗannan na'urori tana bin farashin dala, kuma kun fi mu sanin inda dala ta kai tun da aka saki naira a tsakiyar 2023. Game da data, mun san tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025 kowa ke lissafin abin da yake ƙonawa. Rubutu ba shi da nauyi. Cinikin yini guda na shago mai cunkoso bai kai gajeren bidiyo ɗaya ba. Hotunan kaya ne ke cin data, shi ya sa ba za su tafi ba sai kun ce su tafi.

Ba dole ba ne. Wanda ya fi natsuwa da littafinsa a wayarsa kaɗai zai ci gaba yadda yake, babu abin da za a rage masa. Shawararmu dai ita ce a haɗa, musamman masu ba da bashi da yawa.

Wanda ya yanke shawarar haɗawa, zai sabunta manhajar, ya sa lambar wayarsa, a turo masa lambar tabbatarwa ta saƙo, sannan ya zaɓi lambar sirri tasa. Kada ku faɗa wa kowa waɗannan lambobi biyu, ko da ya kira ya ce daga wurinmu yake. Ba mu taɓa tambayarsu, ba kuma za mu tambaya ba. Mun ƙara lambar sirrin ne saboda layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanonin waya suna sake sayar da shi ga wani, kuma ɓarawon waya yakan tafi har da sim. Idan wayarku ta ɓata, ku yi welkam bak da wuri, ku sanar da mu mu cire tsohuwar wayar daga asusun. Kowane yaro a buɗe masa nasa sunan, kada a ba shi na maigida. Kuna iya hana shi ganin farashin sari da riba. A duba kuma a tabbatar agogo da kwanan watan waya suna saita kansu, don wayar da ke nuna shekarar da ba ita ba takan kasa haɗuwa da kwamfutar gaba ɗaya.

Turawar farko ita ce mai ɗan tsawo, tunda duk tsohon lissafi ne zai tafi. A yi ta da dare a gida inda sabis ya fi ƙarfi, waya tana da caji. A saman shafi za ku ga ɗan da'ira: ruwan ɗorawa yana nufin akwai abin da bai tafi ba, kore yana nufin komai ya isa. Kafin ku goge manhajar, ko ku kai waya gyara, ko ku yi musanyarta a Farm Centre, ku tabbatar da'irar kore ce.

A makon farko ma'aikatanmu za su zagaya kasuwanni daga safe zuwa la'asar, ban da Juma'a, don su zauna da duk wanda ke son a yi masa a gabansa. Iyayenmu mata da ke gida kuma, abokiyar aikinmu za ta zo idan kuka nema ta maɓallin taimako da ke cikin manhajar. Wanda wayarsa ta tsufa har sabon zubin ya ƙi sauka, kada ya goge komai. Ya kawo ta ofis mu kwashe masa littafin da hannu.

Allah ya sa albarka a nema, ya tsare dukiyarku.

Wassalam,
Ma'aikatan manhajar lissafin shago, Kano