Sanarwa kan laburaren tsangayarmu ta injiniya

Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya na shiga laburare na tarar an sauya abubuwa da yawa, shi ne na ga ya kamata in sanar da ku kafin wani ya je ya yi ta zagaye tsakanin kantoci.

An sake jera littattafai bisa haruffan da ke manne a bayansu. Ƴan gine-gine ku nufi TA, ƴan injina TJ, ƴan lantarki TK, ƴan sinadarai kuma TP. Tsofaffin mujallu na takarda an kwashe su zuwa ɗakin ajiya, sai ka rubuta suna da shekara a kawo maka. Sababbi kuwa sai a shafukan intanet na IEEE Xplore da ScienceDirect, kuma da intanet ɗin makaranta suke buɗewa. In ka gwada da datar wayarka, kuɗi za su nema.

Abin da ya fi damuna shi ne BS 8110, littafin ƙa'idojin ginin kankare na Birtaniya. Birtaniya ta janye shi tun 2010 ta koma ƙa'idojin Turai na Eurocode 2, amma mu har yau da shi ake koya mana lissafin kankare. Kwafi biyu kacal na gani a teburin ma'aikata, ɗaya ma bangonsa ya rabu an ɗaure shi da roba, kuma yanzu ba a fita da su.

Don Allah duk wanda ya ari kwafi ya ajiye a ɗaki, ya mayar wannan makon. Ƴan ajin ƙarshe na tsakiyar aikin kammalawa, suna matuƙar buƙatarsa.