Tsilar alade: ba mai cin naman kaɗai take kamawa ba

Ya Edita,

Muna neman fili don jan hankalin jama'ar Zuru da kewaye, inda ake kiwon aladu a sake. Da yawa na ganin tunda ba sa cin naman, babu ruwansu. Akwai ruwansu.

Wanda ya ci naman alade mai cutar da bai dahu ba, tsila ke girma a hanjinsa, ƙwayayenta na fita cikin bahaya. Alade ya ci, ƙwayayen su zama 'yan ƙuraje farare kamar ƙwayar shinkafa a tsokarsa. Amma idan mutum ne ya haɗiye ƙwayayen, ta ruwan rijiya ko latas ɗin da ba a wanke ba, suna iya kaiwa ƙwaƙwalwa su jawo farfaɗiya, a yi ta cewa iska ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wurare da dama da cutar ta yi katutu, ita ce sanadin kusan kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya.

Duba ƙarƙashin harshen alade da dillalai ke yi don neman ƙurajen ba ya wadatarwa. Sai cutar ta yi yawa take nunawa. Maganin oksfendazol, miligiram 30 kan kowane kilo na nauyin dabba, sau ɗaya, yana kashe ƙurajen, amma a jira kwana 21 kafin yanka.

Muna roƙon hukuma ta tilasta killace aladu da haƙa shadda, ta kuma tura masu duba nama mayanka ranar kasuwa.

Wasu likitocin dabbobi,
Zuru, Jihar Kebbi