Ƙaiƙayin da ya wuce mako shida, a daina yi masa shafe-shafe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan ƙaiƙayi, ciwon da muke rainawa har ya kusa cinye mana mahaifi.

Baba ya fara susa bayan daminar bara. Muka ce ai hunturu ne, kowa a Garwa fatarsa na bushewa. Hunturu ya wuce, susa ba ta wuce ba. Totuwar masara yake ajiyewa a gefen tabarma yana kankare ƙafa da ita, da dare kuma in ji shi ya jingina da kusurwar bango yana goga baya. Da safe Inna ta tarar da ɗigon jini a zanin gado. Ga jiki kuwa ba ƙurji ko ɗaya, sai sawun farce.

Babu abin da ba mu yi ba: sabulun salo, wankan ganyen darbejiya, man shafawa mai betametazon da na riƙa saya a kasuwa, da Piriton wanda barci kawai yake sa shi. Wata bakwai muna haka. Sai da ƙafafunsa suka kumbura, wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ta ja fatar idonsa ta ga ya yi fari, ta ce, "Baba, yaushe rabonka da awon hawan jini?" Gwajin jini ya nuna ƙoda ce ta raunana. Hawan jini ya daɗe yana cin ta, ga diklofenak, maganin rage ciwo, da yake sha kullum saboda gwiwa. Dattin da ya kamata ta tace ne ya taru a jini.

Likita ya ce mana ƙaiƙayin da ya haura mako shida sai an nemo tushensa. Fata ake fara dubawa. In ƙazuwa ce, za a ga ƙuraje a tsakanin yatsu da wuyan hannu, ta fi tashi da dare, kuma ba ta tsayawa a kan mutum ɗaya. Maganinta benzil benzowet ko fametirin, amma duk mutanen gidan za su shafa a lokaci guda, a wanke tufafi da shimfiɗa da ruwan zafi. Man betametazon ɗin nan lafar da ita kawai yake yi tana yaɗuwa, ya kuma sirantar da fata. Wanda ya zauna wajen Tuboro ko bakin kogin Vina a arewacin Kamaru ya tuna da cutar makantar kogi da ƙaramin baƙin ƙuda ke yaɗawa. Da ƙaiƙayi mai tsanani take farawa, kuma tun 1987 kyauta ake ba da maganinta, Mectizan.

In fata lafiya lau take, to a duba ciki. Manyanmu ba su manta yadda kulorokwin ke sa su kwana susa ba, alhali haɗiye shi suka yi. Haka ƙoda take yi, haka hanta, musamman in ido ya yi rawaya fitsari ya yi duhu. Ciwon suga, ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo da ƙanjamau duk suna kawo shi. In ya haɗu da rama da gumin dare, kada a jira. Mai juna biyu kuma da tafin hannu da na ƙafa ke mata ƙaiƙayi a watannin ƙarshe, ta tafi asibiti a ranar, domin yana iya zama matsalar hanta mai haɗari ga jariri.

Roƙona ga masu sayar da magani a unguwanninmu: kafin ku miƙa man shafawa, don Allah ku tambayi mutum tun yaushe yake susa. Da an yi mini wannan tambaya sau ɗaya, da ba mu ɓata wata bakwai ba.

Yanzu Baba ya bar diklofenak, an rage masa gishiri, yana shan maganin hawan jini da ɗan ƙaramin awon gabafentin na rage ƙaiƙayi da likita ya rubuta daidai da ƙarfin ƙodarsa. Wanka da ruwa mai ɗumi, Inna ta shafa masa man kaɗanya tun jiki bai bushe ba, ni kuma ina yanke masa farce duk Juma'a. Shekaranjiya sai da na tashe shi sallar asuba, alhamdu lillahi.

Naku,
Wani tela daga Garwa, Kamaru